Almajirin Wa Na? Ma'aunin Malami a Ƙasar Gwandu

A Malisa da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, in baƙon malami ya sauka yana neman a tara masa jama'a, dattawa kan fara da tambaya guda kafin a shimfiɗa masa tabarma: "Almajirin wa na?" In ya ambaci malaminsa, ba a rasa wanda ya san gidan, ko ya san wanda ya sani. Daga nan a ga inda ya sauka, a ga yadda yake sallah, a ga abin da zai yi da sadakar da aka miƙa masa. Musulmi ba ya jiran sabon wahayi, don haka duk mai cewa "Allah ya ce" ɗauko magana ya yi daga wani wuri, kuma wurin nan ana iya bin sawunsa.

Yau mafi yawan wa'azin da ke shiga kunnen matashin Malisa ko na Kalgo ba ya biyowa ta zauren kowa. A shagon mai cajin waya ake tura shi, ko ya faɗo ta WhatsApp da TikTok: guntun bidiyo na minti biyu, an yanke abin da ya gabace shi, an yanke abin da ya biyo baya. Murya ta iso, mai ita yana Kaduna ko Jos ko wani dajin da ba a san sunansa ba. Masu magana da sunan Allah sun ninka, hanyoyin tantance su kuwa sun ragu.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin wannan rigima. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mutane da yawa sun ɗauka shi ne Mahadi. Yana da jama'a, yana da nasarar yaƙi, ana ba da labaran karamominsa gari-gari. Da ya yi shiru kawai, da maganar ta zauna. Sai ya musanta a rubuce, da Larabci da Fulatanci, yana nuna cewa siffofin da aka ruwaito na Mahadi ba su cika a kansa ba. Da wani Buzu mai suna Hamma ya yi da'awar Mahadiyya, Shehu ya rubuta Tahzirul Ikhwan wajajen 1814 yana gargaɗin jama'a. Sikelin da ya auna Hamma da shi, shi ya riga ya hau da kansa.

Ƙanensa Abdullahi, wanda hubbarensa ke cikin garin Gwandu, ya kai abin inda ya fi zafi. Shi ya jagoranci cin Birnin Kebbi a 1805, ya kuma ga asarar da aka yi a yaƙin Alwasa a shekarar. Wajajen 1807 ya duba rundunar da yake ciki, ya ga kwaɗayin dawakai da ƙwaraƙwarai da sarauta ya fara cinye niyyar da aka fito da ita, ya juya ya nufi gabas da nufin tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda shugaba zai yi mulki bisa shari'a, sannan ya komo. Waɗanda ya zarga ba Gobirawa ba ne, mutanensa ne, masu ɗauke da tutar ɗan'uwansa. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ma, da Shehu Laminu na Barno ya aiko da wasiƙu yana tuhumar halaccin yaƙar Barno, ya kwafe hujjojin abokin jayayyar tasa cikin Infakul Maisur a 1812, kusa da amsoshinsa, inda duk mai karatu zai auna da kansa. Ba cewa nake wancan zamanin ya kuɓuta daga zalunci ba. Labarin Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu da ya yi tawaye aka kashe shi a 1818, har yau yana da masu kallonsa ta fuska biyu. Abin da dai jagororin suka bari shi ne ma'auni: malami na gaskiya yana ƙarƙashin wani abu da ba shi ya ƙaga ba, ana iya buɗe littafi a ce masa ya yi kuskure, kuma ana duba hannunsa a kan dukiyar mutane.

Satiru ta nuna abin da ke faruwa in ma'aunin ya karye ta ɓangarori biyu lokaci guda. Ƙauye ne kudu da Sakkwato, cike da talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. A 1904 shugabansu ya yi da'awar shi ne Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, sai ga wani makahon malami, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya tsallako daga ƙasar Faransa bayan tawayen da aka yi a yankin Dosso, ana ta yaɗa labarin abubuwan al'ajabin da yake yi. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 mutanen Satiru, da gatura da fartanyoyi da kibau, suka karya rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, tare da sojoji fiye da ashirin. A idon wanda yake wurin, wace hujja ta fi wannan? Shekara uku kacal da faɗuwar Sakkwato hannun Turawa, ga manoma sun yi abin da sarakuna suka kasa. Ranar 10 ga Maris Turawa suka dawo da bindigogi masu jigida, da goyon bayan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin. Gwandu ma ta ji a jikinta: Turawa suka tuɓe Sarki Muhammadu Bashiru bisa zargin yana da masaniya a kan lamarin, suka naɗa Haliru Abdu.

Kukan mutanen Satiru na gaskiya ne: haraji, bauta, mulkin baƙo. Da'awar shugabanninsu kuwa ba ta tabbata ba, kuma nasarar rana ɗaya ce ta rufe bakin duk wanda zai tambaya. A ɗaya ɓangaren, waɗanda suka yanke hukunci ba littafi suka buɗe ba, kujerarsu suka duba. Talaka ya tashi da darasi mai haɗari: wanda hukuma ta ƙi, shi ne mai gaskiya. Wannan tunani yana nan da ransa, kuma duk mai son tara jama'a cikin sauri ya san amfaninsa. Muhammadu Marwa Maitatsine ya ci ribarsa a Kano. Sarki Sanusi ya kore shi a 1962, ya dawo, ya tara gardawa da 'yan cirani a 'Yan Awaki, har rikicin Disamba 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000.

Me ya sa masu da'awa suke ƙaruwa yanzu? Dalili na farko, a ganina, shi ne karatun zaure ya yi rauni. Wanda ya san shi ya san jinkirinsa. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, ya ja layi ɗaya, malam ya fassara, ɗalibi ya ce "na'am", ya sake jan wani. Sauran ɗalibai na zaune suna jiran layinsu, suna jin karatun da suka wuce da wanda ba su kai ba. Kafin mutum ya bi ta Iziyya da Risala ya isa Muhtasar, shekaru sun tafi, kuma a cikin shekarun nan garin duka ya san halinsa: ko yana biyan bashi, ko yana da fushi, ko idonsa na kan matan mutane. Tsarin yana da aibunsa. Yakan mai da ilimi gadon gida, yakan rufe ƙofa ga ɗan talakan da ya fi ɗan malam kai. Amma yana tace mutum. Yau saurayi mai kaifin harshe zai haddace karatuttukan wani daga waya cikin wata shida, ya ɗaura rawani, ya sami masu bibiya dubu ɗari kafin maƙwabcinsa ya san ya fara wa'azi.

Na biyu shi ne ɓangaranci. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, da tasirin karatun Shaikh Abubakar Gumi a rediyo, jayayya tsakaninta da Ƙadiriyya da Tijjaniyya ta koya wa talaka wata kalma mai amfani ƙwarai: hujja. Manomi ya fara tambayar malami a wane littafi ya gani. Wannan ci gaba ne, kuma ko wanda ba ya ƙaunar Izala ya kamata ya yarda da haka. Sai dai bayan shekara arba'in da 'yan kai, tambayar ta rikiɗe. Ba a cika cewa "ina hujjarsa?" ba, an fi cewa "namu ne?" In namu ne, kuskurensa ijtihadi ne, in nasu ne, daidansa ma makirci ne. Raddi ya zama sana'a mai kasuwa, domin manhajojin waya sun fi tura bidiyon zagi gaba da bidiyon bayanin farillan alwala.

Na uku, kuɗin siyasa, ba ya buƙatar dogon bayani. Kowa ya ga motoci da kujerun Makka da ake rabawa gab da zaɓe, kowa ya ji huɗubar da ta sauya launi bayan an raba.

Dalilin da ya fi ban tsoro a Kebbi shi ne giɓin da hukuma ta bari. Lakurawa sun shigo yankunan Gudu da Tangaza na jihar Sakkwato daga wajen Nijar da Mali, kuma rahotanni sun nuna da farko wasu mutanen yankin sun karɓe su ne don su kare su daga ɓarayin shanu. Suna sallah, suna wa'azi, suna korar 'yan fashi. Ga wanda aka kwashe wa garke, wannan ya isa shaida. Daga baya suka fara karɓar shanu da sunan zakka, suna bulale matasa kan kiɗa da aski, suna yanke hukunci ba tare da alƙalin da kowa ya sani ba. A Nuwamba 2024 suka kora shanun mutanen Mera a ƙaramar hukumar Augie, mutanen gari suka bi sawu, aka kashe aƙalla 15 daga cikinsu. A Janairu 2025 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Tsohon ma'aunin Gwandu zai kama su tun ranar farko, don ba wanda ya san malaminsu, ba kuma wanda ya isa ya ce musu sun yi kuskure a nisabin zakka. Amma wanda bindiga ke kansa ba ya tambayar silsila.

Illar wannan yanayi ba ta tsaya ga jini ba. Akwai wadda ba ta fitowa a labarai: gajiya. Ɗalibin jami'ar tarayya da ke kan hanyar Kalgo, wanda ya ga malamai biyar suna ƙaryata juna a mako guda, yakan kai ga cewa duk kanwar ja ce, ya daina sauraron kowa, har da malamin unguwarsu da bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Wannan malamin shi ya fi kowa asara. Ba ya iya ihu, ba shi da mai ɗaukar masa bidiyo, kuma yana da wata ɗabi'a da ba ta sayuwa a intanet: in an tambaye shi abin da bai sani ba, yakan ce a ba shi lokaci ya duba. A wani ɓangaren kuma, kada a manta da matan aure a Malisa da ba su taɓa zama a zaure ba, waɗanda yanzu suke jin tafsiri da hukuncin gado da na saki a cikin ɗakunansu, har su gane in an tauye musu haƙƙi. Waya ta buɗe musu ƙofar da tsohon tsari ya rufe.

Gwamnatoci sun fi karkata ga lasisi. A 2025 gwamnatin jihar Neja ta ce sai mai wa'azi ya sami izini, har gwamna Umar Bago ya yi maganar a riƙa duba huɗuba kafin a hau mumbari. Kano ta gwada muƙabala: a Fabrairu 2021 ta hana Abduljabbar Nasiru Kabara wa'azi ta rufe masallacinsa, a Yuli aka zaunar da shi gaban malamai, a Disamba 2022 kotun shari'a ta yanke masa hukuncin kisa. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan abin da ya faɗa, jerin abubuwan ya ba mabiyansa abin riƙewa, tunda an rufe masallaci kafin a buɗe littafi. Lasisi kuma yana hannun ɗan siyasar da ke raba motoci, don haka mai yabonsa ba zai rasa takarda ba, mai faɗa masa gaskiya ne zai yi ta zarya. Ba kuma zai kai inda cutar take ba: Lakurawa ba za su cike fom a Birnin Kebbi ba, mai bidiyo daga wata jiha ba ya buƙatar izinin hakimin Gwandu kafin muryarsa ta shiga Malisa. Wanda dokar za ta kama shi ne limamin da ke zaune a gari, wanda kowa ya san gidansa, ya san gonarsa, ya san malamin da ya karantar da shi.