Sarƙaƙiyar Tsarin Tsare Sirri a Kafofin Sada Zumunta: Matsalar Harshe a Garin Jos

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe shafi a ɗaya daga cikin kafofin sada zumunta na intanet, kamar Facebook ko WhatsApp, akwai wani sashe da kamfanin ya tanadar masa inda zai zaɓi waɗanda za su ga abin da ya sa, da waɗanda ba za su gani ba. Wannan sashe shi za a riƙa kira tsarin tsare sirri a wannan maƙala. Turawan da aka shirya tsarin da harshensu ma sun daɗe suna kuka da wuyarsa. Manufar maƙalar ita ce ta bayyana yadda tsarin yake da inda sarƙaƙiyarsa ta samo asali, sa'an nan ta nuna cewa ga mai magana da Hausa wahalar ninki biyu ce, domin ma'anar sirri da aka gina tsarin a kanta ta sha bamban da wadda Hausa ta sani. An ɗauki garin Jos a matsayin misali saboda a can sanin sunan mutum da unguwar da yake kwana ba ƙaramin abu ba ne.

2.0 Yadda Tsarin Yake

Tsarin tsare sirri amsa ce ga tambayoyi huɗu:

(a) Wa zai ga rubutu ko hoton da mutum ya sa?
(b) Wa zai iya nemo shi ta sunansa ko ta lambar wayarsa?
(c) Wa zai iya maƙala sunansa a hoto, ko ya sa shi cikin wani zaure?
(d) Me kamfanin kansa da masu talla za su sani game da shi?

Kowace tambaya tana da wurinta daban, kuma rufe ɗaya ba ya rufe sauran. Wanda bai taɓa komai ba yakan zauna a kan zaɓin da kamfani ya yi masa tun farko, wato zaɓin asali, wanda kamfani kan sauya idan ya ga dama.

Tarihin Facebook ya isa misali. An kafa shi a 2004 domin ɗaliban jami'a, aka buɗe shi ga kowa a 2006. A watan Disamba na 2009 kamfanin ya mayar da wasu bayanai, ciki har da jerin abokan mutum da garin da yake zaune, abin da kowa zai iya gani. A watan Mayu na 2010 jaridar New York Times ta ƙirga maɓallai 50 masu ɗauke da zaɓi fiye da 170, ta kuma nuna cewa takardar ƙa'idojin sirri ta kamfanin ta kai kalma 5,830, ta fi tsarin mulkin Amurka tsawo. Wani bincike da Liu da abokan aikinsa suka gabatar a 2011 a kan mutum 200 ya gano cewa sau 37 kacal cikin 100 ne abin da mutum ya zaɓa ya dace da abin da yake zaton ya zaɓa, kuma mafi yawan kuskuren ta wajen buɗewa ne fiye da yadda aka yi niyya. Sai a 2014 kamfanin ya mayar da zaɓin asali na sababbin shiga daga kowa da kowa zuwa abokai kaɗai. An yi ta gyare-gyare daga baya, amma tambayoyin nan huɗu suna nan a warwatse.

3.0 Sirri a Harshe da Al'adar Hausawa

3.1 Kalmomi

Kalmar Ingilishi ta "privacy" tana nufin 'yancin mutum ɗaya na a ƙyale shi da sha'aninsa. Hausa ba ta tara wannan ma'ana a kalma guda ba, ta rarraba ta ne. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Ya faɗa masa maganar a sirrance.
(2) Allah Ya rufa mana asiri.
(3) Ba ta faɗin sunansa, ɗan farinta ne.
(4) Amana na ba ka, kada ta wuce nan.

A (1) sirri abu ne da ke tsakanin mutum biyu ko 'yan kaɗan. A (2) asiri, wanda tushensa ɗaya da sirri a Larabci, ya shafi mutuncin gida baki ɗaya, kuma wani ne ke rufa wa wani shi. A (3) kunya ce ta hana faɗin abin da kowa ya riga ya sani, domin abin lura shi ne wane ne ke faɗi, kuma a gaban wa. A (4) an ɗora nauyin tsarewa a kan wanda aka gaya wa. Ke nan a duk jimlolin huɗu dangantakar da ke tsakanin mutane ce ke tsare magana. Shi ya sa Hausawa ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

3.2 Tsarin Gida

Ginin gidan Bahaushe ma haka yake nunawa. Daga ƙofar gida sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi; daga nan sai shigifa, sai tsakar gida, sai ɗakuna da turaka. Kowane mataki yana da waɗanda suka isa su taka shi, kuma sallama ce mabuɗinsa. Ba a bukatar a karanta wa baƙo ƙa'ida, domin ginin da kansa yana gaya masa inda zai tsaya.

Abin sha'awa shi ne, da kafofin sada zumunta suka zo, masu magana da Hausa daga wannan rumbu suka ɗebo musu suna. Suka kira kafar dandali, suka kira rukunin masu hira a WhatsApp zaure. Amma aron ya tsaya a waje. Babu wani sashe na waɗannan kafofi da aka saba kira shigifa ko tsakar gida, kuma abin da ba shi da suna a bakin mutane da wuya su neme shi a cikin waya.

4.0 Inda Tsarin ya Saɓa da Harshe

4.1 Aboki. A Facebook duk wanda aka amsa gayyatarsa "friend" ne. Hausa kuwa ta bambanta amini da aboki, da abokin ciniki, da abokin wasa, da idon sani, kuma ba ta sa uba ko suruki ko malami cikin ko ɗaya daga ciki. Idan matashi ya zaɓi abokai kaɗai, a ransa sa'o'insa yake nufi, alhali kuwa kawunsa da baƙon da bai taɓa gani ba duk suna cikin jerin. Akwai hanyar rarraba abokai rukuni-rukuni, amma sai wanda ya san da ita ya tono ta.

4.2 Lambobin waya. WhatsApp yakan ba da zaɓin a nuna hoton mutum ga kowa, ko ga waɗanda ya adana lambobinsu, ko ga waɗannan ban da wasu, ko kuma kada kowa ya gani. Zaɓi na biyu yana kama da tsakar gida, amma matar aure da ta adana lambar mai kayan miya da ta mai gyaran famfo ta shigar da su ciki ba tare da ta sani ba. Har ila yau, sai a 2019 aka ba mutum ikon hana a jefa shi zaure ba da izninsa ba, kuma zaɓin asali shi ne kowa na iya jefa shi. Zaure ɗaya yakan ɗauki mutum har 1,024.

4.3 Jama'a. Idan aka fassara zaɓin buɗe wa kowa da kalmar jama'a, an rage masa faɗi. Jama'a a kunnen Bahaushe mutanen unguwa ne ko na gari, waɗanda ake haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Abin da maɓallin ke nufi kuwa shi ne duk mai intanet a duniya, yau da shekaru masu zuwa.

4.4 Amana. Babban giɓi shi ne tsarin ba ya tsare abin da wani ya sa game da mutum. Mace tana iya kulle shafinta, ƙawarta ta sa hotonta na gidan biki a buɗe. Wanda bai taɓa buɗe shafi ba ma, lambarsa kan isa ga kamfani ta wayar ɗan'uwansa. Badaƙalar Cambridge Analytica da ta fito fili a 2018 ta wannan ƙofa ta shiga: kimanin mutum 270,000 ne suka yi amfani da wata manhaja, amma aka kwashi bayanan mutane har miliyan 87, mafi yawansu abokan waɗancan ne.

5.0 Halin da Ake Ciki a Jos

Jos ta bunƙasa ne da haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, abin da ya jawo Hausawa ma'aikata da 'yan kasuwa suka zauna tare da Berom da Afizere da Anaguta da sauran al'ummomi. Hausa ta zama harshen kasuwa, kuma tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932 ta ƙara kafuwa a majami'u. Saboda haka matsalar da ake magana a kanta ta shafi Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Bayan rikice-rikicen watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010, zaman garin ya rabu ƙwarai. Unguwanni irin su Unguwar Rogo da Gangare da Dilimi mafi yawan mazaunansu Musulmi ne, irin su Unguwar Rukuba da Tudun Wada da Jenta Adamu kuwa Kirista ne. Amma neman abinci da karatu ba su bi wannan iyaka ba. Ɗalibin Jami'ar Jos da ɗan kasuwar Taminus kullum suna ratsa unguwannin juna. A irin wannan zama, mutum ya san abin da zai faɗa a nan da abin da zai bari sai ya koma gida. Shafin da aka bari a buɗe kuwa yana tara suna da hoton fuska da unguwa da wurin aiki da ra'ayin da aka furta cikin fushi, duka a wuri guda, ga idon kowa.

Cewa abin da ke cikin waya yana iya saukowa kan titi ba zato ba ne. A watan Yuni na 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, an yaɗa wasu hotuna masu tayar da hankali a Facebook. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya nuna cewa wasunsu ba na Gashish ba ne, har akwai bidiyon da aka ɗauka a Kwango Barazabil tun 2012, kuma 'yan sandan Jihar Filato sun danganta hotunan da kisan matafiya 11 da aka tare a hanya. Wannan batu ne na labarin ƙarya, amma darasinsa ya shafi sirri: bayani yana barin inda aka sa shi cikin sa'o'i kaɗan, ya isa hannun wanda ba don shi aka sa ba. Magana zarar bunu ce.

Akwai kuma yadda ake buɗe shafukan tun farko. Sau da yawa wanda ya sayi waya yakan miƙa ta ga mai gyaran waya ko wani yaro a gida ya buɗe masa shafi. Mai buɗewa sauri yake yi, yana danna amincewa a kan duk abin da ya fito, kuma kalmar sirrin tana bakinsa. A gidaje da dama ma waya ɗaya ake karɓa-karɓa. Tsarin da aka gina bisa zaton mutum ɗaya, waya ɗaya, mai karanta Ingilishi, bai san da waɗannan mutane ba.

6.0 Doka da Aikin Masana Harshe

Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta bukaci a sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa cikin bayani mai sauƙin fahimta. A watan Yuli na 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki kuma ta tabbatar da tarar a 2025. Sai dai amincewar da mutum ya bayar a kan abin da bai fahimta ba, sunanta kawai amincewa.

Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa a 2016, amma fassarar kalma da kalma ba za ta warware abin da aka nuna a sashe na 4.0 ba. Ana ba da shawarwari uku. Na farko, a fassara sakamakon zaɓi maimakon sunansa: a maimakon jama'a, a ce "duk duniya za ta gani, har wanda bai san ka ba". Na biyu, a ƙarasa aron da masu harshe suka fara, a kira matakan ƙofar gida da zaure da tsakar gida da ɗaki, domin ko wanda bai yi boko ba ya san bambancinsu. Na uku, a gwada kalmomin a kan masu jin Hausa iri-iri, kuma Jos ta dace da wannan gwaji, tun da ta haɗa waɗanda Hausa ce harshensu na farko da waɗanda ta zame musu na biyu. Irin aikin haɗin gwiwa da ya haifar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, shi ake bukata a nan, sa'an nan a isar da sakamakon ta rediyo da saƙon murya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa sarƙaƙiyar tsarin tsare sirri ta samo asali ne daga yawan maɓallai, da warwatsuwarsu, da zaɓin asali da ke sauyawa. An kuma ga cewa ga mai magana da Hausa akwai ƙarin wahala, domin tsarin ya ɗora tsaron sirri a kan mutum ɗaya, Hausa kuwa ta ɗora shi a kan dangantaka da matakan wuri. A Jos, inda kuskure a wannan fage kan iya jawo asarar mutunci ko ta rai, samar da kalmomin da za su gaya wa mutum a fili wanda ke kallonsa aiki ne da ya rataya a wuyan masana harsunan Nijeriya.