Kafin ka ɗaura wa sabuwar akori-kurarka tirela, ga abin da ya kamata ka sani

Tun da gwamnatin jihar Legas ta kafa dokar hana kiwo a fili a 2021, kora shanu da ƙafa a cikin gari ya zama neman rigima da hukuma. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin hayar mota daga Kara zuwa Abbatuwa, ko daga Iddo zuwa Agege, ya yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa yanzu mutanenmu da Allah ya hore wa suke haɗa kuɗi su sayi akori-kura tasu ta kansu, galibi Hilux mai shan fetur, sannan su kai wa mai walda aikin ƙaramar tirela da za su riƙa ja a baya: yau shanu biyu ko uku, gobe raguna, jibi tankin ruwa ko buhunan dusa. Dabara ce mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutum zai karɓo mota ranar Litinin, ranar Laraba ya riga ya ɗaura mata lodi ya hau titi, wai ai sabuwa ce, ƙarfinta na nan.

Ƙarfin ja ba shi ne abin damuwa ba. Kowace Hilux za ta iya tayar da lodin da ya fi ƙarfinta ta yi gaba da shi. Tsayar da shi ne aiki, kuma a nan ake asarar dukiya da rayuka.

Wani abu da ke rikita masu kallon bidiyon Turawa a YouTube: a Amurka idan suka ce motar "gas" fetur suke nufi, alhali mu nan man gas shi ne dizal. Su can suna jan wani irin gida mai taya da akori-kurarsu, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, su tafi hutu da shi. Mu ba gida muke ja ba, shanu ne, amma lissafin ɗaya ne. Sai dai motocinsu manya ne ƙwarai, kada ka ga abin da suke ja ka ɗauka taka ma za ta iya.

Abu na farko shi ne haƙuri. Sabon inji yana bukatar ya zauna, ƙarafan cikinsa su saba da juna, haka ma giya da birki. Littafin Toyota da ke zuwa da mota ya hana jan tirela a kilomita 800 na farko, kamfanin Ford kuma kilomita 1,600 yake cewa. Kilomita 800 ba wani abu ba ne, zuwa Ibadan da dawowa sau uku ya kusa cika shi. A wannan tsakanin ka yi ta zirga-zirgarka da kaya marasa nauyi, kada ka danne totur har ƙasa, kada kuma ka daɗe a gudu ɗaya. Wanda ya tsallake wannan ba zai ga illar a wata na farko ba. Sai bayan shekara, lokacin da motar ta fara shan baƙin mai ko difarensha ta fara kuka, sannan a ce ai kamfani ne suka rage inganci.

Sai lissafin nauyi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wadda ita ce ta fi yawa a hannun jama'a, a ƙasashe irin su Ostareliya kilo 2,500 aka yarda ta ja, mai shan gas kuma tana kaiwa 3,500. Amma duk wannan da sharaɗin tirelar tana da birkinta na kanta. Idan ba ta da birki, kilo 750 ne iyaka, har da nauyin ita tirelar. Adadin yana ɗan bambanta daga wata ƙirar zuwa wata, don haka buɗe littafin motarka ka duba naka, ka kuma karanta ɗan allon da ke manne a jikin ƙofar direba.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ɗauka tirelar da mai walda ya haɗa maka da ƙarfe mai kauri da katako ta kai kilo 700 ba komai a ciki. Bijimi mai jiki, bunaji ko bokolo, yana kaiwa kilo 400 zuwa 500. Ka sa uku, kilo 1,350 ke nan a tsaka-tsaki. Ka ƙara durom ɗin ruwa mai lita 200, wanda shi ma kilo 200 ne, da buhun dusa biyu. Ka haura kilo 2,300 tun ba ka tayar da mota ba. Idan tirelar nan ba ta da birki, ka ninka abin da aka yarda sau uku. To ina tambaya, tireloli nawa ka taɓa gani an haɗa a bakin titi masu birki? Yawanci tsohon aksul ne na wata mota da ta mutu, a ɗora masa bodi, a yi fenti, shi ke nan.

Ita kanta motar tana da iyakar abin da za ta ɗauka a bayanta, kusan tan ɗaya, kuma a cikin tan ɗayan nan har da kai direba, da yaron mota, da duk wanda ya roƙi a rage masa hanya, da nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiya. Ba a cika bodi maƙil sannan a ja cikakkiyar tirela, dole ɗaya ya rage wa ɗaya. Mu da muka tashi a kasuwar shanu, da ido muke kimanta nauyin sa, kuma ba kasafai muke kuskure ba. Amma ido bai san nauyin ƙarfe ba. Akwai masu babban sikelin auna mota a wajen masu sayen ƙarafa da kamfanonin abincin kaji, ka biya ɗan abin da za ka biya, a auna maka tirelar sau ɗaya ba kaya, ka rubuta a jikinta da fenti.

Birkin da ya fi sauƙin samu shi ne wanda ke kama kansa. Idan ka taka birkin mota, tirela za ta turo gaba, wannan turowar ce ke danna wani ƙarfe a bakinta ya ja birkin tayoyinta. Ba ya bukatar wuta. Akwai kuma mai aiki da lantarki, wanda direba ke saita ƙarfinsa daga cikin mota, shi Amurkawa suka fi amfani da shi. Kowanne ka samu ya fi babu, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin sa ɗaya ba.

Ƙugiyar ja kuwa, don Allah kada a walda ta a jikin bamba. Bamba ba don ja aka yi ta ba. Ƙarfen ja na gaskiya da shasi ake ɗaure shi, da manyan notuna, kuma akwai adadin nauyin da zai iya a rubuce a jikinsa. Ƙwallon ƙarfen da ke kansa mai milimita 50 ne aka fi samu, dole bakin tirela ya zama daidai da shi, ba a cusa tsumma ko a ɗaure da waya don ya zauna. A ƙara sarƙa biyu masu kauri, a gicciya su ta ƙarƙashin bakin tirelar, yadda ko ƙugiya ta kuɓuce, bakin zai faɗa kan sarƙa maimakon ya caki kwalta. Wani abin lura ga mai sabuwar mota: walda ko huda shasi ba bisa ƙa'ida ba na iya sa dila ya janye garantinsa, don haka ka tambaye su kafin bakanike ya sa hannu.

Yadda aka jera kaya a tirela shi ke sa ta tafi lafiya ko ta riƙa rawa. Ana so wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya kasance gaban aksul, bakin tirelar kuma ya danna ƙugiya da kamar kashi 10 na dukkan nauyin. Idan kaya suka taru a baya, bakin zai yi sama, tayoyin bayan motar su rasa riƙo, da ka ɗan ƙara gudu ko wata babbar mota ta wuce ka, sai tirela ta fara kaɗa wutsiya. Idan kuma suka taru a gaba fiye da kima, gaban motar ne zai ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannunka. Matsalar dabba ita ce ba buhu ba ce, ba ta zama inda ka ajiye ta. Da ka taka birki duk su zubo gaba, da ka hau gada su koma baya. Mahaifina ba ya yarda mota ta tashi sai ya ga an ɗaure kan kowane sa da gajeriyar igiya, babban cikinsu a gaba, an kuma zuba yashi ko garin katako a ƙasa saboda santsin kashi da fitsari. A ƙaramar tirela abin ya fi muhimmanci, har gara a sa ƙarfe a raba tsakaninsu. Tankin ruwa ma haka yake, rabin tanki ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana kai da komo yana tura mota.

Idan rawar ta fara, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka yi kokawa da sitiyari. Ka riƙe shi a miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali har gudun ya ragu da kansa, sannan ka nemi gefe ka sake jera kayan.

Tayoyin motar sababbi ne, na tirelar ne abin dubawa, don yawanci na gwanjo ake sa mata. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 'yan Road Safety ma shi suke dubawa. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da aka rubuta na cikakken lodi. A sa wa boris ɗin tirela giris, musamman da damina idan an keta ruwa. A haɗa mata wutar birki da sigina da fitilar dare, a manna tef mai ƙyalli, a kuma je ofishin lasisi a yi mata takardu kafin VIO su riga ka.

Injin fetur idan yana ja yana bukatar ya yi kuka fiye da mai gas kafin ya ba da ƙarfi, don haka kada ka ji tsoron sauko da giya, kuma ka sa a ranka shan mai zai ƙaru sosai. Daga Iddo zuwa Agege ta Mushin da Oshodi ba wata doguwar tafiya ba ce, amma gosulo da lodi a cikin zafin rana ya fi doguwar tafiya gajiyar da inji, da kulochi, da giyar otomatik. Idonka na kan allurar zafi. Baƙin mai kada ya wuce kilomita 5,000. Ruwan birki kuma yana tsotsar laima, ga Ikko da danshi, idan ya tsufa sai ya tafasa a lokacin da ka fi bukatarsa.

A gangara giya ce ke riƙe lodi. Duk wanda ke shigowa daga Kara ta Berger ya san gangaren gadar Otedola, inda tankar mai ta kama da wuta a watan Yunin 2018 ta cinye motoci da dama da rayuka. Tun kafin ka kai irin wannan wuri ka sauko giya, ka bar tazarar da ta ninka wadda ka saba, ko da 'yan danfo za su yi ta kutsowa cikinta. Ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa shi ke ƙona shi.

Ribas da tirela ma sai an koya, domin inda ka juya sitiyari ba nan take nufa ba. Ka samu fili ranar Lahadi da safe lokacin da gari bai cika ba, ka gwada da ita ba kaya, sannan da buhunan yashi, ka ji yadda take tsayawa da yadda take cin kwana. Bayan tafiyar farko da lodi, ka sa sifana ka sake ɗaure notunan ƙarfen ja da na tayoyin tirelar.