Kora a industiri: Wa zai share wa yaron lokeshan hawaye?

A watan Oktoba 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga harkar fim ɗin Hausa saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙin nan ClassiQ. Nan take gari ya ɗauka. Daga baya jarumar ta nemi afuwa, a Janairu 2018 aka yafe mata.

Wannan hukuncin ƙungiya ne, kuma a kan tauraruwa. To amma akwai wata korar da ba a jin labarinta. Yaro ne zai taso daga Gaya ko Ajingi, ya shigo Kano, ya maƙale a wani kamfani a titin Gidan Zoo, yana dakon fitilu da janareta a lokeshan shekara da shekaru. Rana ɗaya oga ya ce, "Kai, kada in ƙara ganin ka a nan!" Shi ke nan, ba takarda, ba sallama.

Shin doka ta yarda da haka? Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce dole mai gida ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3. In za a sallame shi kuma sai an ba shi wa'adi: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Ko kuma a biya shi kuɗin wa'adin, sai fa in babban laifi ya aikata.

A da, muddin an ba da wa'adi, mai kamfani ba sai ya faɗi dalili ba. Amma gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. A 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, kotun ta ce kora sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Matsalar dai ita ce yawancin aikin fim da baka ake ƙulla shi, fim ɗaya biya ɗaya. In an je gaban alƙali, da me yaron zai nuna shi ma'aikaci ne? Don haka duk mai sha'awar shiga industiri, kafin ya ɗauki fitila, ya fara neman takarda daga hannun furodusa.