Kiwon Tsuntsu Mai-Zane da Yadda Ya Ke Koyon Waƙa

Cikin ƙananan tsuntsayen da a ke kiwo a keji domin sha'awa, kaɗan ne suka kai wanda Ingilishi ke kira zebra finch bazuwa cikin duniya. An ba shi sunan nan saboda zanen baƙi da fari da ke maƙogwaron namijin, mai kama da na jakin dawa. Don haka a nan za a riƙa kiransa mai-zane. Dangi ɗaya su ke da baiwar Allah, amma shi asalinsa Ostareliya ne. Kiwonsa ba wuya, sai dai akwai abu guda da a kan yi sakaci da shi, watau ba da waƙarsa a ke ƙyanƙyashe shi ba, koyonta ya ke yi.

Siffarsa da Mazauninsa

Tsawonsa kamar santimita 10 ne, nauyinsa kuwa wajen giram 12. Namiji yana da jan baki, da tabo ruwan lemo a kowane kunci. Tamata toka-toka ce, bakinta ruwan lemo. A ƙasarsu garke-garke su ke zama cikin busassun filaye, suna cin ƙwayar ciyawa. Tun shekarar 1960 Ostareliya ta hana fitar da tsuntsayenta na daji, saboda haka waɗanda a ke gani a keji a sauran ƙasashe jikokin na keji ne.

Keji da Abinci

Da ya ke tsuntsun garke ne, ba a ajiye shi shi kaɗai; mafi ƙaranci a haɗa biyu. Tsawon keji ya fi tsayinsa amfani, gama tashinsa na miƙe ne, daga wannan sanda zuwa waccan. Mai tsawon santimita 75 ko fiye ya wadaci biyu. A ajiye shi inda ke da haske, ba cikin rana tsaka ba, nesa da hayaƙin madafa. Abincinsu ƙananan ƙwayoyi ne irin su gero, da ɗanyen ganye kaɗan, da dafaffen ƙwai lokacin renon 'ya'ya. A sake musu ruwan sha kullum, a kuma ba su na wanka cikin kasko marar zurfi.

Hayayyafa

A daji ba su da tsayayyen lokacin haihuwa. In ruwa ya sauka, ciyawa ta yi ƙwaya, sai su shiga saƙa sheƙa. Cikin keji kuwa abinci ba ya yankewa, a wurinsu kullum damina ce. Tamata ta kan yi ƙwai 4 zuwa 6, su yi kwanci bi da bi ita da namijin kwana 12 zuwa 14. 'Ya'yan su kan bar sheƙa bayan kamar mako 3, su iya ci da kansu wajen kwana 35. In ba a tsawata ba, tamata za ta yi ta saka ƙwai har ta rame, wani lokaci ƙwai ya maƙale mata ta mutu. Maganin wannan shi ne a ba ta dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa, a kuma ɗauke sheƙar bayan ƙyanƙyasa biyu ko uku, ta huta.

Koyon Waƙa

Namiji kaɗai ke waƙa. Daga wajen kwana 25 zuwa 65 da ƙyanƙyasarsa ya ke sauraron babban namiji, galibi ubansa, yana riƙe abin da ya ji. Sa'an nan ya yi ta gwadawa, da fari a hargitse kamar gwarancin yaro, yana jin kansa yana gyarawa, har wajen kwana 90 waƙar ta kafu, kusan ba ta ƙara sakewa muddin ransa.

Cikin shekarun 1960 Klaus Immelmann, wani masani Bajamushe, ya sa ƙwan mai-zane a sheƙar wani tsuntsu dabam, sai mazan da aka rena can suka tashi da waƙar uban riƙonsu. Wanda aka keɓe kuwa, bai ji kowa ba, ya kan yi waƙa, amma gurguwa. A 2009 Olga Fehér da abokan aikinta a Amurka suka sa irin waɗannan keɓaɓɓu suka koyar da ƙanana, ƙananan kuma suka koyar da na bayansu. Cikin zuriya uku zuwa huɗu waƙar ta komo kusa da ta sauran irinsu.

Masu nazarin harshe da masu horar da malamai za su ga kamar da ke nan da ɗan Adam: sai an ji a ke iyawa, kuma ji na ƙuruciya ya fi kamawa. Amma kwatancin yana da iyaka, domin waƙar mai-zane ba ta da kalmomi masu ma'ana da za a jujjuya a faɗi sabon zance.

Abin da ke kan Mai Kiwo

Iyaye su kan fara korar 'ya'ya, har su fige su, in suna shirin sabon ƙwai. Shi ya sa a kan raba su da zarar sun iya ci da kansu. To, lokacin nan ƙaramin namiji bai gama ɗaukar waƙa ba. Abin da ya kamata shi ne a sa kejinsa dab da na uban, yadda zai ji shi ya kuma gan shi, ko a haɗa shi da wani babban namiji har ya wuce wata 2. In lokacin nan ya wuce a banza, gyara ya yi wuya, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.