Ƙuma Da Kaska A Jikin Kyanwa: Hattara Da Maganin Shanu

An san garin Keana, hedkwatar ƙaramar hukumar Keana a Jihar Nasarawa, da gishiri, wanda matan Alago suka gaji dafawa kaka da kakanni. Amma Keana gari ne na manoma kuma. Doya da shinkafa da riɗi suna cika rumbuna da kaka, ɓera kuwa ba ya jiran gayyata. Tun da aka gane zazzaɓin Lassa a 1969, aka kuma tabbatar ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa, kyanwar gida ta wuce abin wasan yara. Haka take ga 'yan'uwa masu shagunan hatsi a Mile 12 ta Ikko da Sabon Badun.

To, ita ma kyanwar tana da maƙiyanta. Kaska takan maƙale mata a kunne da wuya, musamman inda shanu da karnuka suke kai da kawowa. Ƙuma ta fi ɓarna. Macen ƙuma guda tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwayayen ba sa zama a jiki, zubewa suke yi a tabarma da buhuna da tsagar daɓe. Watau abin da ake gani a jikin kyanwa kaɗan ne daga abin da ke ɗaki. Ƙuma takan tsotse jinin 'yan kyanwa har su mutu, in kuma babba ta haɗiye ta wajen lasar jiki, sai ta kamu da tsila.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen magani. Mai gida ya ga kyanwa tana susa, sai ya ɗauko ragowar maganin wankan shanu, ko na kare, ko fiya-fiya. Waɗansu ma kananzir ko baƙin mai suke shafa mata. Wannan ganganci ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa waɗansu magunguna yadda ta kare take yi, ga shi kuma duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Sinadarin permethrin, wanda ke cikin maganin karnuka irin su Advantix, yana kashe kyanwa. Haka amitraz na wankan shanu yana da haɗari gare ta. Shi kuwa Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni a 2019, ko mutum bai tsira daga gare shi ba, balle mage.

Alamun guba su ne dalalar da miyau, da karkarwa, da tangaɗi, da jijjiga kamar mai farfaɗiya. Da an ga haka sai a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a lulluɓe ta, a garzaya wurin likitan dabbobi. Manja da madara ba sa karya wannan guba. Kada kuma a ba ta farasitamol, domin ƙwaya guda tana iya halaka ta.

Maganin da ya dace shi ne wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na kyanwa ne, kamar Frontline mai sinadarin fipronil. Ana buɗe gashin ƙeya a ɗiga a kan fata, inda harshe ba ya kaiwa, sau ɗaya a wata. Ba a ɗiga wa wadda ba ta kai mako 8 ba. Ita sai a bi ta da mataji mai ƙananan haƙora, ana tsoma shi cikin ruwan sabulu.

Kaska kuwa da hantsaki ake kama ta daf da fata, a ja a hankali ba tare da an matse cikinta ba. Ba a ƙona ta da ashana tana jiki. Bayan haka sai a share ɗaki lungu-lungu a ƙone sharar, a wanke tsumman da kyanwar take kwanciya da ruwan zafi duk mako, a shanya a rana. Sai an jure wa haka kamar wata 3, domin waɗanda suka ɓuya a daɓe suna ci gaba da fitowa.