Asusun Yaro Ba Na Aro Ba Ne: Jan Kunne Ga Iyayen Masu Koyon Aikin Banki A Ingila

Akwai wata ɗabi'a da mutanenmu suka ƙulla cikin kayansu suka tafi da ita har Ingila, wato aron asusun banki. A gida ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai ce wa mai saye ya tura kuɗi ta asusun yaron shago don nasa ba sabis, a ga alat, a rabu lafiya. A can kuwa wannan ɗabi'a tana cinye makomar yara, kuma waɗanda ta fi kassarawa su ne waɗanda suka fi kowa dacewa, wato matasan da bankuna suka ɗauka aikin kwamfuta suna kuma biya musu karatun digiri.

A 2015 aka ɓullo da wannan tsari na yin digiri a bakin aiki a Ingila. Yaro ya gama sakandare yana ɗan shekara 18, maimakon ya ci bashin karatu sai ya nemi kamfani ya ɗauke shi a matsayin cikakken ma'aikaci mai albashi, kamfanin ya haɗa shi da wata jami'a. Tun daga Afrilun 2017 duk kamfanin da jimillar albashin ma'aikatansa ta haura fam miliyan 3 a shekara yana zuba kashi 0.5 cikin 100 a asusun horar da masu koyon aiki, daga nan ake biyan jami'ar. Ɗalibin da ya bi hanyar da aka saba, shekara da shekaru fam 9,250 ake rubuta masa a kowace shekara, aka ƙara zuwa 9,535 a 2025, kuma wanda ya fara karatu daga 2023 bashin zai iya bin sa har shekara 40 da ruwa a kai. Wannan ruwan shi ya sa iyaye Musulmi da yawa suke ɗokin tsarin. Ko aikin bankin kansa ya halatta, wannan fatawa ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Barclays da Lloyds da NatWest da HSBC da J.P. Morgan duk suna ɗauka, kuma masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba.

Rayuwar ba ta hutu ba ce. Yawanci kwana huɗu a ofis, kwana ɗaya na jami'a, tsawon shekara uku zuwa huɗu ko fiye. Sa'o'insa suna dogon hutun bazara, shi yana gaban kwamfuta yana gwada manhajar da mutane za su tura kuɗi da ita, ko yana bin diddigin wani kuskure a tsohon tsarin da aka rubuta da yaren kwamfuta na COBOL tun kafin a haifi babansa. Da dare ya koma kan aikin da malaman jami'a suka ba shi. Kuma kuskure a wannan fage ba ƙaramin abu ba ne. A Afrilun 2018 bankin TSB ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari, aiki ya cuɗe, mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, daga baya a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Shi ya sa banki ba ya miƙa wa kowa makullin na'urorinsa sai ya tona tarihinsa: bashin da ake bin sa, ko yana da laifi a wurin 'yan sanda, da ko sunansa ya taɓa shiga kundin masu zamba.

To, a kan wannan kundin nake son mu tsaya. Na san wani yaro ɗan gidan mutunci, ya yi nisa a irin wannan karatu a wani banki, saura kaɗan ya kammala. Wani abokin mahaifinsa, mutumin da yaron ya tashi yana kiransa Kawu, ya buga masa waya. "Ɗana, akwai wasu 'yan kuɗi da za a turo asusunka, nawa an ɗan riƙe shi. In sun shigo ka tura wa wane, shi zai ba da naira a Kano." Yaro ya ce, "To, Kawu, Allah ya kai mu." Bai tambayi mai turowa ba, bai tambayi kuɗin mene ne ba. Wa zai tsare babba da tambaya? Kuɗi suka shigo, ya tura. Ashe shi ma Kawun wani ne ya haɗa shi da cinikin canjin, kuɗin kuwa na wata tsohuwa ne da 'yan damfara suka yaudara ta waya. Tsohuwa ta kai ƙara bankinta, aka bi sawun kuɗi, sawu ya tsaya a kan asusun yaro. Aka rufe asusun, aka sa sunansa a kundi, wurin aiki suka ji, suka sallame shi. Da yake karatun a jikin aikin yake rataye, digirin ma ya bi ruwa. Kawu yana nan yana yawonsa, abin da ya iya cewa shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Wane tsautsayi? Wannan sakaci ne na manya. Kundin da ake magana a kai, wata ƙungiya ce mai suna Cifas take riƙe da shi, bankuna da kamfanonin waya da na inshora suna zuba sunaye suna kuma dubawa. Sunan baligi in ya shiga yana iya zama har shekara 6. A tsawon wannan lokaci buɗe sabon asusu wahala ne, bashin sayen gida sai dai a mafarki, aikin banki kuwa a manta da shi. Kuma wannan shi ne mai sauƙin. A ƙarƙashin dokar 2002 ta dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, wanda aka kama da safarar kuɗin haram yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14. Kada wani ya ce ai yaron bai sani ba. Doka tana kama wanda ya sani da wanda ya yi zargi ya kau da kai, kuma ma'aikacin banki da ake zaunar da shi duk shekara ana koya masa alamomin safarar kuɗi, da wane baki zai ce bai yi zargi ba? Horon da aka ba shi shi ne shaidar da za a kafa a kansa.

Abin da yake ba ni haushi shi ne yawancin masu jefa yaran nan cikin rami ba baƙi ba ne. Gaskiya ne akwai 'yan damfara a Snapchat da Instagram da suke tallar kuɗin banza, a turo maka ka cire kasonka ka tura saura. Yaro mai hankali yana gane waɗannan. Wanda ba ya iya ƙi shi ne na gida: kawu, gwaggo, yayan aboki, mutumin da ake sahu ɗaya da shi a masallaci. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kara da jin nauyin manya, sannan mu ne muke amfani da wannan karar muna ɗora musu abin da mu kanmu muka san da lauje cikin naɗi. In ba haka ba, don me babba mai asusun kansa zai nemi na yaro? In an riƙe asusunsa, akwai dalilin da ya sa aka riƙe. In yana gudun a ga yawan kuɗin da ke shiga wurinsa ne saboda haraji ko tallafin gwamnati da yake karɓa, to ya zaɓi ya tsira da mutuncinsa ya sayar da na ɗan wani. Har da iyaye mata masu adashi da suke cewa a riƙa tarawa a asusun wance tunda ita ce ma'aikaciyar banki. Kuɗin halal ne, na yarda, amma na'urar da ke sa ido ba ta san adashi ba. Abin da take gani shi ne mutane barkatai suna zuba kuɗi a asusun yarinya ana kwashewa a rana ɗaya. Ko ba a sa ta a kundi ba, sai ta zauna gaban masu bincike tana bayani, a wurin da ake auna kowa da amana.

Akwai ƙanwar wannan ɗabi'a, ita ce "ɗan duba min". A duba ko wane ya turo kuɗin da ya ce ya turo, a duba nawa tsohon mijin wance yake da shi. Duk asusun da ma'aikaci ya buɗe, na'ura tana rubuta sunansa da lokacin da ya buɗe. Leƙen bayanan mutum ba da izini ba laifi ne a dokar kare bayanai ta 2018, shiga inda ba a ba ka izini ba a kwamfuta kuma laifi ne tun dokar 1990. Ko asusun mahaifiyarsa ne bai isa ya leƙa ba.

Ku kuma da kuke gida Najeriya ko Nijar, in wani dillali ya ce ku kawo kuɗi zai samo wa ɗanku wannan gurbi daga nan, ku riƙe kuɗinku. Tsarin na wanda yake da izinin aiki ne a ƙasar, kuma galibi sai ya shekara uku yana zaune a can. Bizar ɗalibi ba ta ba da shi, neman gurbin kuma kyauta ne.

Uba shi ya kamata ya ɗauke wa ɗansa wannan nauyi tun ranar da aka ba shi takardar kama aiki. Ya faɗa a gaban dangi da abokai cewa asusun yaron nan ba ya karɓar kuɗin kowa, wanda ya ji haushi ya zo wurina. Da haka yaro ya sami abin fakewa, in an matsa masa ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, Baba ya hana, wurin aiki ma sun hana." Mai son aika kuɗi gida ya bi kamfanonin da suke da rajista da hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi, sunayensu suna nan a shafinta kowa zai iya dubawa, ya aika da sunansa daga asusunsa. Ɗan bambancin canjin da ake kwaɗayi a hannun 'yan bayan fage bai kai albashin yaro na wata ɗaya ba, balle digirinsa.

In kuwa kuɗin da ba a san da su ba sun riga sun shigo, kada a taɓa su, kada a mayar wa wanda ya bugo waya yana cewa kuskure ne. A kira banki ta lambar da ke bayan kati, a sanar da shugaba a wurin aiki tun kafin su ji daga wani wuri, kuma kada a goge saƙon WhatsApp ko ɗaya don a rufa wa Kawu asiri, domin waɗannan saƙonni su ne kaɗai za su nuna an yi amfani da yaron ne. Wanda aka riga aka sa sunansa yana da haƙƙin ya nemi Cifas ta nuna masa abin da aka rubuta a kansa, ba a biyan ko kwabo. Daga nan ya kai kuka bankin da ya sa sunan, in mako takwas ya wuce ba su ba da amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, ya wuce ofishin sasanta rikicin kuɗi na ƙasa, wanda yake da ikon umartar banki ya cire sunan in hujjarsa ba ta da ƙarfi.