Kala takwas, lamba shida: Lissafin da ke rikita masu kantin intanet

A watan Oktoban 2025, kamfanin Shopify na ƙasar Kanada, wanda ɗimbin 'yan kasuwa a faɗin duniya ke amfani da manhajarsa wajen buɗe kanti a intanet, ya sanar da wani sauyi da masu sayarwa suka shafe shekaru suna jira. Ya ɗaga adadin nau'o'in da haja guda za ta iya ɗauka daga 100 zuwa 2,048.

Wanda bai taɓa zuba kaya a irin wannan manhaja ba zai yi mamaki: wace haja ce ke da nau'i sama da ɗari? Amsar tana rataye a kusan kowane shagon sutura.

A ɗauki jallabiyar maza. Idan ɗan kasuwa yana da ita kala takwas, kuma kowace kala tana da tsayi shida, daga lamba 52 zuwa 62, ya tashi da nau'i 48. Idan akwai mai kwala da marar kwala, sun zama 96. Ranar da ya ƙaro kala ta tara kuwa sun koma 108, ya tsallake tsohuwar iyakar ke nan da riga ɗaya tak. Kowane zaɓi da aka ƙara ninka lissafin yake yi.

A shago, wannan lissafi yana cikin kan mai kaya da yaransa. Idan kwastoma ya ce fara lamba 56 yake so, yaro zai leƙa sito, ya dawo ya ce akwai ko babu. A intanet babu yaron da za a aika. Manhaja ce ke amsawa, ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma abin da aka faɗa mata kawai ta sani. Idan ta ce akwai alhali babu, kuɗin mutum ya riga ya shiga asusu, sai a koma ban-haƙuri da mayar da kuɗi. Idan abin ya faɗo a makon Sallah, da wuya wannan kwastoma ya sake dawowa.

Uwa da 'ya'yanta

Kusan duk manhajojin kanti tsari ɗaya suke bi, sunaye ne suka bambanta. Akwai hajar kanta, wato jallabiya, da sunanta da bayaninta. Akwai siffofinta, kamar kala da tsayi da wuya. Sannan akwai nau'i, wanda shi ne haɗuwar siffofin a kan abu guda da za a iya ɗauka a sa a leda: fara, lamba 56, mai kwala.

Kamfanin Amazon yana kiran wannan alaƙa ta mahaifi da ɗa. Babban shafin hajar ba a sayensa, aikinsa tara 'ya'ya wuri ɗaya. Ɗan shi ne ke da farashi, shi ke da adadi a sito, shi ake naɗewa a kai tasha.

A WooCommerce, manhajar kyauta da ke aiki a kan WordPress, wadda ta fito a 2011 kafin kamfanin Automattic ya saye ta a 2015, mai kanti yana shigar da siffofin, sannan ya danna maɓalli guda manhajar ta haɗa masa duk nau'o'in da za su iya fita, 50 a kowace dannawa. Sauƙin nan yana da tarko, domin manhajar za ta ƙirƙiro har da abin da mai kaya bai taɓa sarowa ba, kamar ruwan goro lamba 62. Sai ya bi ya goge. Haka kuma duk nau'in da aka manta ba a sa masa farashi ba, ba zai bayyana wa mai saye ba, ko da yana jibge a sito.

Shopify kuwa, duk da ɗaga adadin da ya yi, ya bar siffofi a kan uku ga kowace haja. Mai jallabiyar da ya cike gurbin kala da tsayi da wuya, idan yana son ƙara irin yadi, dole ya raba hajar gida biyu ko ya nemi ƙarin manhaja.

Abin da ake ƙirgawa da abin da ba a ƙirgawa

Kuskuren da ya fi kumbura lissafi shi ne mayar da kowane zaɓi nau'i. Tambayar da ke raba gardama guda ce: shin wannan abu yana ajiye a kan kanta, ana iya ƙirga shi, yana iya ƙarewa?

Hula lamba 22 da lamba 23 huluna biyu ne daban, ɗaya na iya ƙarewa ta bar ɗaya. Turare mil 6 da mil 12 kwalabe biyu ne, da farashi biyu. Waɗannan nau'o'i ne na gaskiya. Amma rubuta suna a jikin kofi, ko naɗe kaya a takardar kyauta, ko zaɓin a kawo gida ko a ajiye a tasha, duk hidima ce da ake ɗorawa a kan kayan da ke nan. Kofin bai zama biyu ba don an rubuta masa suna. Wanda ya shigar da "a naɗe" da "kada a naɗe" a matsayin nau'i ya ninka aikinsa banza, kuma ya raba adadin kayansa gida biyu a idon manhaja. Za ta iya cewa wanda ake naɗewa ya ƙare, alhali ga kofuna goma a ɗaya gefen. Irin wannan zaɓi gurbinsa daban ne, kuma a manyan manhajojin biyu akan samar da shi ta hanyar ƙarin manhaja ko wani gurbi da mai saye ke cikewa.

Ɗinki ma haka yake. Telan da ke karɓar awo ba ya buƙatar nau'i ga kowane faɗin kafaɗa, gurbin rubuta awo yake buƙata.

Matsalar masu yadi

Inda abin ya fi ɗaurewa shi ne wajen masu yankan yadi, irin na kasuwar Kantin Kwari a Kano. An gina waɗannan manhajoji ne da tunanin kayan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, kamar takalmi da riga. Atamfa ba ta da wahala muddin turmi-turmi ake sayar da ita, yadi shida a dunƙule. Shadda da yadin maza ne ke kawo cikas, saboda daga bandir ɗaya ake yanka wa wani yadi biyar, wani yadi goma.

A ce bandir yana da yadi 30. Mai kaya ya buɗe nau'i biyu: na yadi biyar ya rubuta akwai shida, na yadi goma ya rubuta akwai uku. Kowane lissafi daidai ne idan aka ɗauke shi shi kaɗai. Amma manhajar ta ɗauka yadi 60 ne a sito, kuma za ta karɓi kuɗin 60 ɗin ba tare da ta tsaya ba.

WooCommerce tana ba da damar a riƙe adadi a matakin uwar haja, nau'o'in duka su riƙa ci daga tukunya ɗaya. Sai dai a tsarinta na asali ɗaya take cirewa a kowane ciniki, ko yadi biyar aka saya ko goma, don haka lissafin bai fita ba. Mafita biyu ce ta rage. Ko dai a sa farashin yadi guda, mai saye ya rubuta adadin da yake so, ko kuma a yanke bandir ɗin tun farko a ninke, kowane yanki ya zama abin ƙirgawa. Ta farko ta fi dacewa da yadda ake ciniki a kasuwa, ko da yake tana iya barin guntun yadi biyu da ba mai so. Akwai ƙarin manhajoji da ke koya wa kanti cire biyar ko goma daga tukunya ɗaya, amma kowace ƙarin manhaja wani abu ne da ke iya lalacewa ranar da aka sabunta babbar.

Masu sayar da turare daga babbar kwalba, da masu auna zuma ko man shanu, duk wannan matsalar ce ke jiransu.

Shuɗi, bulu da ruwan bula

Kwamfuta ba ta san cewa kalmomi biyu na iya nufin abu ɗaya ba. Idan mai kanti ya rubuta "shuɗi" a wannan riga, yaronsa ya rubuta "bulu" a waccan, wani ya sa "ruwan bula" a ta uku, kala uku ke nan a wajenta. Mai sayen da ya tace kaya yana neman shuɗi zai ga kashi ɗaya cikin uku, ya ɗauka iyakar abin da ke akwai ke nan. Shi ya sa WooCommerce ke da siffofi na bai-ɗaya, waɗanda ake rubutawa sau ɗaya duk kantin ya riƙa ɗauka daga nan.

Suna kuma ba ya wadatarwa. Ruwan ƙasa a wajen wani, ruwan zuma ne a wajen wani, kuma abin da ake kira ruwan madara yana iya fitowa fari fat a fuskar waya. Kowace kala tana buƙatar hotonta, wanda zai sauya da zarar an taɓa ta. Yawancin rigimar "ba wannan na zaɓa ba" daga hoto ɗaya da aka ɗora wa kala takwas take tasowa.

Lambar takalmi ma tana da nata ruɗanin, tun da 42 na Turai da 8 na Ingila kusan ƙafa ɗaya ce. Kantin da ya gauraya tsarin biyu ba tare da bayani ba yana gayyatar kayan da za a dawo da su.

A cikin sito, abin da ke hana yaro ɗauko ba daidai ba shi ne lambar SKU, gajeriyar alama da mai kanti ke ƙirƙira wa kowane nau'i. JLB-FAR-56-K ta isa ta faɗa wa kowa cewa jallabiya ce fara, lamba 56, mai kwala. Ƙa'idar ƙungiyar GS1, mai kula da lambobin zane-zanen da ake haskawa a manyan kantuna, ita ma haka take: kowace kala da kowane girma da lambarsa. Lambobin da reshenta na Najeriya ke bayarwa suna farawa ne da 615.

Nauyi a kan waya

Yawan nau'i yana da tsada ga mai saye da ke lallaɓa datarsa. WooCommerce tana loda bayanan nau'o'in duka tare da shafin haja matuƙar ba su wuce 30 ba, ta yadda idan mutum ya zaɓi fara, lambobin da babu su a fara za su ɓace daga jerin. Da zarar sun haura 30, sai ta daina, don kada shafin ya yi nauyi. Daga nan mai saye na iya zaɓar kala, ya zaɓi lamba, ya zaɓi wuya, sai a ƙarshe a ce masa babu wannan haɗin. Mai gina shafi zai iya ɗaga adadin, amma shafin zai ƙara jinkirin buɗewa.

Saboda haka raba haja ya fi tara ta a lokuta da dama. Jallabiya mai kwala da shafinta, marar kwala da nata, kowace da nau'i 48, ya fi sauƙin dubawa a ƙaramar fuskar waya. Damar 2,048 da Shopify ya bayar ta sauƙaƙa wa manyan dillalai, amma ƙaramin ɗan kasuwa da ke da yaro ɗaya ba shi da hannun da zai bi ko rubu'in wannan adadi.

Farashi ma yana cikin lissafin. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, masu kayan waje sun sha sauya farashi. Gyara nau'i 96 ɗaya bayan ɗaya aikin yini ne, kuma wanda aka tsallake zai ci gaba da fita a tsohon kuɗi. Manhajojin biyu suna ba da damar fitar da kaya duka a jadawalin CSV, a gyara a mayar. Mai hankali yakan ajiye kwafin tsohon jadawalin kafin ya taɓa komai, domin layi ɗaya da ya goce na iya ɗora farashin hula a kan shadda.

"Ajiye min, zan turo"

Ragowar matsalar ta ɗan Adam ce. Yawancin masu kantin intanet suna sayarwa a shago, suna sayarwa a WhatsApp da Instagram, duk daga sito ɗaya. Fara lamba 56 ta ƙarshe da aka sayar hannu da hannu da azahar tana nan a intanet har dare, sai idan wani ya tuna ya rage ta.

Akwai kuma akasin haka. A WooCommerce, odar da aka yi da niyyar tura kuɗi ta banki tana cire kayan daga lissafi tun kafin a ga alat. Idan mutumin ya fasa bai faɗa ba, kuma mai kanti bai soke odar ba, rigar za ta zauna a matsayin wadda ta ƙare, masu kuɗi a hannu suna wucewa.

Idan kuma aka aika wa mutum abin da ba shi ya zaɓa ba, maganar ta wuce ta kunya. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, idan suka saɓa wa bayanin da aka yi masa. Baƙa a madadin ruwan toka, ko lamba 58 a madadin 56, duk saɓa wa bayani ne. Rigar da ta tafi Legas ko Fatakwal ta dawo Kano ta ci kuɗin mota sau biyu kafin a aika ta daidai a karo na uku.